Kwamfutocin Malam Haruna Ba Bola Ba Ne

Ina gaban allo ina koya wa 'yan ajin ƙarshe lissafi, Mista Bitrus, malaminmu na Turanci, ya leƙo ta taga ya yafito ni. Tun bai buɗe baki ba na ga idonsa ya yi ja. Ya ce, "Malama Rabi, sai haƙuri. Allah ya yi wa Malam Haruna rasuwa." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na koma aji. Yaran ne suka gane da kansu, kuka ya ɓarke.

Ba na jayayya da mutuwa, hukuncin Allah ne, kuma kowa na jiran tasa. Amma raina a ɓace yake, ba kuwa zan ɓoye ba don ana zaman makoki. Wanda zai karanta ya yi mini uzuri.

Malam Haruna Bazazzagi ne. Ya zo Suleja kamar yadda da yawa suka zo: aiki a Abuja, haya a unguwar Wambai, kullum a hanya. Gyaran kwamfuta yake yi a wani ofis. Da ya ga ana jibge tsofaffi a sito don an sayo sababbi, sai ya riƙa roƙon a ba shi. Haka ya yi ta ɗauko su ɗaya bayan ɗaya a kan cinyarsa cikin motar haya, direba na masifa, shi yana ba da haƙuri. Daga baya ya ajiye aikin Abuja gaba ɗaya, ya kawo su makarantarmu da ke unguwar Magajiya, inda yawancin yaran ba su taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba.

Ranar da na fara ganinsu na ce masa, "Malam, waɗannan ai sai 'yan gwangwan." Ya yi dariya ya ce, "Ba tsufa ne ya kashe su ba, Malama. Kaya aka ɗora musu fiye da ƙarfinsu." Ya bayyana mini cewa kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke tuƙa ta, kuma wadda aka saba gani a ofisoshi ta yi wa tsofaffi nauyi. Shi wata yake sa musu, irin Linux mara nauyi, wadda mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta, suka sake ta kyauta, kowa ya kwafa, ya gyara, ya ba wani. A filash guda yake yawo da ita. Ya soka, ya zauna yana ɓarar gyaɗa, kafin a tashi tara kwamfutar da aka fid da rai da ita ta farfaɗo tana aiki tsaf.

Da tsohon buroshin haƙori yake share musu ƙura. Bai taɓa daka wa yaro tsawa a ɗakin kwamfutar ba. Akwai wata yarinya da uwarta ke sayar da doya a Lambata, ba ta yarda ta taɓa kwamfuta ko an zaunar da ita a gabanta. Ya ce mata, "Taɓa ta, ba ta cizo. In kin lalata, kin samo mini aikin yi." Ranar Asabar yakan buɗe ɗakin har ga yaran da ba namu ba, saboda jarabawar shiga jami'a a kan kwamfuta ake yin ta yanzu, kuma ya sha ganin yaro mai ƙoƙari ya faɗi don kawai bai san inda zai danna ba.

Da damina ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Yana asibiti mai makarantarmu, Alhaji, ya ce iyaye za su zo ziyara, yana so su ga kwamfutocin da irin manhajar da suke gani a banki, ba wannan baƙon abu ba. Ya ɗauko wani daga Abuja. Na tare su a ƙofa na ce, "Alhaji, don Allah a bari Malam ya samu sauƙi." Ya ce, "Malama, ki tsaya a kan lissafinki." Mutumin ya goge komai, ya ɗura musu mai nauyin nan. Ka kunna, ka je ka yi alwala ka dawo, ba su gama buɗewa ba. Sai ya kaɗe hannu ya ce ai dama bola ce, a sayo sababbi. Haba! Ka samu abu yana tafiya da ƙafarsa, ka karya shi, sannan ka ce dama gurgu ne?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dubiyar da Alhaji ya je. Ina wurin, a gaban matar Malam. Yana dariya ya ce, "Malam, tsofaffin nan naka fa sun ƙare. Ka warke ka zo ka ga sababbi." Mutum yana kwance da ƙarin ruwa a hannu! Malam Haruna ya juya fuskarsa bango. Sai da Alhaji ya fita ya ce mini, "Ba su mutu ba. A mayar musu da abin da aka cire kawai." Har ya nuna mini yadda ake yi da yatsa a kan zanin gado, yana numfashi da ƙyar.

Ranar sadakar uku Alhaji ya miƙe cikin jama'a ya ce za a sa wa ɗakin kwamfuta sunan marigayi, za a kafa allo a ƙofa. Mutane na ta sa albarka. Bai gaya musu cewa ɗakin a kulle yake ba, mabuɗi na aljihunsa. Bai ce ya yi magana da 'yan gwangwan su zo ranar Asabar su auna a sikeli su kwashe ba. Sababbin kuwa har yau a baki suke. Yaranmu na ajin ƙarshe jarabawa na matsowa, tun damina ba su taɓa kwamfuta ba. Me allon suna zai koya musu?

Jiya matarsa, Maman Fatima, ta aiko a kira ni. 'Yan'uwansa suna haɗa kayansa don rabon gado, kayan ma ba wani yawa gare su ba. Ta ciro filash ɗin daga ƙullin mayafinta ta ce, "Malama, ya bar wasiyya kada a sa wannan cikin gado. Ya ce abin da ke ciki ba nasa ba ne, kyauta ya samu, ba shi da ikon bar wa 'ya'yansa su kaɗai. A ba duk mai so." Ƙaninsa ya sunkuyar da kai yana share hawaye. Mutumin da ya bar marayu a gidan haya ke nan, ya ƙi ya haɗa da abin da yake na jama'a, wani kuma yana shirin sayar da wahalarsa a kan kilo.

Filash ɗin na hannuna. Na gwada shi a kan wata tsohuwar kwamfutar Mista Bitrus, ta tashi. Ranar Asabar da safe ni da shi za mu tsaya a ƙofar ɗakin nan, kuma wallahi ba mai fita da ko waya ɗaya sai ya ture ni. In aikina ne zai tafi, ya tafi. Iyayen da suka cika ƙofar gidan Malam Haruna suna cewa mutumin kirki ne, ga ranar da za a nuna. Ku zo ku ce a buɗe.

Allah ya jiƙan Malam Haruna, ya gafarta masa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba Maman Fatima haƙuri da dangana, ya raya abin da ya bari, ya haɗa marayunsa da masu riƙon amana irin tasa. Duk yaron da ya koyi wani abu a ɗakin nan, Allah ya kai ladan gare shi. Mu kuma da muka rage, ya Allah kada ka bari mu yi shiru ranar Asabar. Amin.