Labaran Tuli Suna Tsayawa a Bakin Ƙofa

'Yata Rehnuma, wadda muke kira Tuli a gida, ta rayu shekara ashirin da shida da wata huɗu. Malama ce a wata makarantar 'yan mata a nan garin Barishal. Ta rubuta gajerun labarai goma sha ɗaya, an buga huɗu tana raye.

Ni injiniya ne, shekara talatin ina rubuta hawa da saukar kogin Kirtankhola. Abin da ban gani a jikin ma'auni ba, ba ya shiga littafina. Wannan halin Tuli ta ɗauko daga wurina. Kunyar kuwa tata ce. Tun tana 'yar shekara biyar ba ta shiga ɗaki sai an ce ta shigo, ko da na uwarta ne. Sai ta tsaya a bakin ƙofa har wani ya lura da ita.

Da ta fara rubutu, halin ya biyo ta. A labarinta na farko wani tela ya dawo daga birnin Dhaka bayan shekara tara ba ko wasiƙa. Matarsa ta buɗe, ya shiga, aka rufe. Tuli ta kwatanta takalmansa a waje, ɗaya a kife, ruwan sama yana taruwa a ɗayan. Nan ta tsaya.

Abokina Dulal Majumdar, mai fitar da wata ƙaramar mujallar adabi, ya karanta shi a barandarmu.

"Ke 'yar nan, kin kawo ni bakin ƙofa kin bar ni da takalma. Telan mari ya sha ko shinkafa ya ci?"

"Ban shiga ba, Kawu."

"Ke fa kika gina ɗakin."

"Na gina, amma nasu ne."

Ya juyo gare ni. "Injiniya, ka ga abin da ka haifa ko? Ma'aunin ruwa mai kitso."

Shekara guda ta yi tana ƙoƙarin bin shawararsa. Ta shiga zukatan mutanenta, ta faɗi abin da suke ji. Jimlolin suka fito a sandare, kamar an tilasta mata karanta wasiƙar wani. Ta yaga su. Daga nan ta koma waje, ta koyi aikin wajen sosai: ƙarar faranti, shayin da ya huce a kan dakali, tsawon shirun da aka yi kafin a sa sakata. Labaranta uku na ƙarshe ba sa bukatar a buɗe ƙofar.

Zazzaɓin dengue ya kama ta a watan Satumba. A rana ta biyar, Talata, aka shiga da ita ɗakin masu tsananin jinya na asibiti da ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na safe. Likita ya fito da ƙarfe uku da minti biyar. Ƙofar koriya ce, an shafe gilashinta da fenti. Takalmanta suna hannuna a cikin leda. Abin da ya faru a ciki ban gani ba.

Dangi suka ce a buga ɗan littafin tunawa da za a raba ranar sadakar arba'in, kamar yadda ake yi. Na ba Dulal labarinta na ƙarshe. Labarin wasu 'yan'uwa mata biyu ne da ba sa magana da juna, suka shiga ɗakin marigayiyar uwarsu don raba tufafinta, mai ba da labarin tana zaune a tsakar gida tana gyaran kifi.

"Mutuwa ta katse ta," in ji Dulal. "Bari in ƙara shafi ɗaya, da muryarta."

Na nuna masa ƙasan shafin. Kwanan wata yana nan, uku ga Agusta. Tuli ba ta sa kwanan wata sai ta gama, kamar yadda nake rufe shafin ma'auni.

"Kammalalle ne. Kalma ɗaya ba za a ƙara ba."

"Kai dai da taurin kai aka haife ka. To, na ji."

Ranar arba'in aka kawo littafin, guda ɗari da hamsin. Bai ƙara komai a cikin labarin ba. Amma a ƙarƙashin sunan labarin ya sa layi ɗaya: "Labarin da ajali bai bar ta ta kammala ba." Da na tambaye shi, idanunsa suka ciko. Ya ce saboda ƙauna ya yi, kada a ce yarinyar ba ta iya rufe labari ba. Na san gaskiya yake faɗa.

Na ɗauko rula da biro na zauna a baranda, baƙi suna cin shinkafa a tsakar gida. Na soke layin a littafi sittin da uku kafin ƙanena ya fara rabawa. Sauran tamanin da bakwai sun fita yadda suke.