Kokwambar Teku a Yajin Baba

Sana'ata busasshen kifi. Daga unguwarmu Gorton nake lodi, in kai wa shagunan Birmingham duk Laraba. A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, council, wato ƙaramar hukuma, na rufe wannan tana rage wancan, wani ɗan China mai shago a can ya nuna mini wasu baƙaƙen abubuwa masu kama da busasshiyar kuɓewa. Ya ce kokwambar teku ce, su maganin ciwon gaɓɓai suke yi da ita, kuma jiragen da ke jan taru a ƙasan teku watsar da irinta suke yi.

Abin da wani ya zubar, nan nake neman abincina. Na sa Baturen da ke kawo mini kifi daga gaɓar teku ya ajiye mini bokiti guda. Na dafa, na yi banda kamar yadda muke yi wa tarwaɗa a gida, na daka da yaji. Ban sayar wa kowa ba. Baba na fara kai wa, dattijon da ya sauke ni a flat ɗinsa lokacin da na zo ƙasar nan. Gwiwa ta hana shi sujada, kuma sau biyu ana ɗaga ranar yi masa aiki.

Bayan kwana goma na leƙa shi kafin in kama hanya. Yana ta sa mini albarka, wai gwiwa ta yi sauƙi. Sai idona ya faɗa kan akwatin ƙwayoyinsa, mai gida-gida na kowace rana. Cike yake.

"Baba, maganin GP, likitanka, fa?"

"Na jingine shi. Ba a haɗa magani biyu, ɗaya na karya ɗaya. Kai ba a gaya maka ba?"

"Har da na tsinka jinin?"

"Duka. In na gama naka sai in koma wa nasu."

Na san wannan ƙa'ida, da ita aka raine ni, amma ban tuna ba ranar da na miƙa masa kwalbar yajin. Ban kuma iya buɗe baki na yi wa dattijo gyara ba. Na ce Allah ya ƙara sauƙi, na fita.

Har na wuce garin Stoke ina ganin ƙafarsa ta hagu a idona, yadda safa ta nutse a cikin kumburi. Na tsaya a gidan mai, na kira 'yarsa, nas ce a unguwar Withington. Na faɗa mata komai, ban rage ba.

Ta ce, "Yaya, ana binciken waɗannan halittu, ban ce babu magani a jikinsu ba. Amma ba a kicin ɗinka ba. Kwana nawa bai sha maganinsa ba?"

"Goma."

Ta kashe wayar.

Na sauke kaya a Birmingham ina duba waya kamar mai jiran hukunci. Bayan la'asar saƙonta ya shigo: jini ya daskare a jijiyar ƙafar, bai kai huhu ba, an kwantar da shi.

Kwana huɗu ya yi a asibiti. Saboda gudan jinin, likitoci suka ce ba za a taɓa gwiwar ba sai bayan watanni. Baba bai taɓa tayar mini da maganar ba. Duk damina da hunturun shekarar ni na riƙa ɗaukarsa zuwa masallacin Juma'a, ina ajiye masa kujera a ƙarshen sahu.