Gurbin Majiya Ƙarfi a Takardar Ƙidaya

Daminar da aka yi ƙidayar jama'a, a farkon shekarun hamsin, ina da shekara ashirin da biyu, ina aikin akawu. Aka ɗebe mu da yawa, aka ba mu takardu da fensir, aka ce mu bi gida-gida. Ni aka ba ni wani yanki na Fagge, inda aka haife ni, da layi uku a Sabon Gari. An tsaga takardar gurbi-gurbi: jarirai, yara, tsofaffi, sai wani gurbi na waɗanda suka tasa amma ba su tsufa ba. Shi muke kira na majiya ƙarfi.

Wannan gurbin mutane suke tsoro. Babu wanda ya manta yadda aka kwashi samari lokacin yaƙi, wasu soja, wasu haƙar kuza. In na tambayi yara, uwa daga bayan ƙyaure za ta lissafo mini har da na goye. Da na ce maza nawa ne baligai, sai gida ya yi tsit. Wata tsohuwa ta ce mini 'ya'yanta duk sun tafi cin rani, alhali ana tsakiyar damina, ga takalman maza a jere a zaure. Na rubuta abin da ta faɗa.

A unguwarmu akwai wani Alhaji Bayerabe mai sayar da atamfa a kasuwar Kwari, wanda ya yi fatauci a ƙasashen bakin teku kafin ya zauna Kano. Shi kaɗai ya karɓe ni da fara'a. Ya duba takardar, ya sa hannu a aljihu ya zaro sule, ya juya mini ɓangaren da aka zana itacen kwakwa.

"Malam, ka ga wannan? Da shi na ci abinci a Gwalkwas, da shi na yi ciniki a Saliyo, an ce har Gambiya yana ci. Ƙasa huɗu, kuɗi ɗaya. To in ka tara majiya ƙarfin ƙasashe ukun can wuri guda, ba za su kamo ƙafar na ƙasar nan ba. A can ma, a gonar koko ko a bakin ruwa, in ka kasa kunne Hausa za ka ji."

Na ce, "Ashe mu ne muke ɗauke da kuɗin, Alhaji."

"Mu ne. Amma kada abin ya yi maka daɗi. Duk ranar da mutane suka fara tambayar su wa suka fi yawa, ba aiki suke so a yi ba. Can sun soma cewa kowa ya buga kuɗinsa. Nan ban san abin da za a ce a raba ba."

Na fito na riƙe farkon maganar, na yar da ƙarshenta.

Sabon Gari dabam take. Yawancin mutanen sun zo aiki ne, iyali na gida, don haka gurbin majiya ƙarfi yake cika ya tumbatsa. A layi na biyu na shiga gidan wani kafinta Ibo, mai koriyar ƙofa, Hausa a bakinsa kamar an haife shi a Kwaciri, cikin Fagge. Ya share mini benci, ya sa aka kawo ruwa, ya kira masu koyon aiki a hannunsa ɗaya bayan ɗaya, bai ɓoye kowa ba. Ina naɗe takarda ya ce, "A Fagge fa, Malam? Samari nawa ka samu?"

Na ce an hana mu faɗa.

"Tambaya ce kawai," in ji shi, yana dariya. Sai a lokacin na lura zarto ya daina ƙara. Duk wanda ke tsakar gidan ya tsaya yana kallon bakina.

Yayana shi ne shugaban leburori a tashar jirgin ƙasa, su ke loda gyaɗa. Ranar Juma'a bayan an sauko, muna zaune da abokansa a gindin durumin ƙofar gidanmu, na kawo maganar Alhaji don a san na san duniya. Ta yi musu daɗi ƙwarai. Wani ya ce to me ya sa duk akawun tasha da direban jirgi baƙo ne, mu kuwa sai ɗaukar buhu?

Yayana ya ce, "Kai da ka shiga gidajensu, yaya suke?"

"Samari ne zalla, Yaya. Akwai gidan wani kafinta, ban rubuta yaro ko tsoho ko ɗaya ba."

"A wane layi?"

Na faɗa, har da launin ƙofar. Wani daga cikinsu ya ɗauki tsinke yana ja wa ƙasa layi uku, ya sa ɗigo a na tsakiya, sannan ya share da tafin ƙafa. Magana dai ta riga ta fita.

Watannin da suka biyo baya, siyasa ta shigo kowane zaure. Ana karanta jarida da ƙarfi a bakin kasuwa, kowa na fassara ta yadda ransa ke so. Maƙera suka yi kasuwa a Fagge da Sabon Gari duka. Na wuce ta layin kafinta na ga ya sa wa tagoginsa ƙarfe. Na gaishe shi, ya amsa, bai share mini benci ba. Alhaji ya sa iyalinsa a jirgi, ya ce biki za su je Kudu, aka yi wata biyu ba su dawo ba.

Da bazara rikici ya ɓarke tsakanin Fagge da Sabon Gari. Kwanaki aka yi. Ni ina cikin gida da mahaifiyarmu, muna jin ihu daga bakin titi, hayaƙi na shigowa ta saman katanga. An rasa mutane a nan, an rasa a can. Maƙwabcinmu mai ɗinkin hula ya fita bai dawo ba.

Da ƙura ta lafa na je layin kafinta. Gidan kafinta babu ƙofa, babu kowa, sai katako da ya ƙone rabi. Ba shi kaɗai aka taɓa a layin ba, na ƙirga wasu, kuma da wannan nake lallashin kaina har yau. Wata mata da ke tsintar kwanoni a gidan kusa ta ce wasu sun hau jirgi, ba ta san su wa da wa ba.

Yayana ya dawo gida da tsumma ɗaure a dantse. Ya ce wa mahaifiyarmu ƙugiyar buhu ce ta yanke shi, ko da yake tasha a rufe take kwanakin nan. Ta wanke masa ciwon da ruwan gishiri. Mun ci gaba da cin tuwo a kwano ɗaya ni da shi har Allah ya yi masa rasuwa, ban taɓa tambayarsa inda ya je ba.