Takardun Ɗana a Buhun Taki

Mun tashi daga Zakirai bayan sallar asuba, ni da ƙanena, ina rungume da takardun ɗana a cikin buhun taki. Kwana arba'in ke nan da rasuwarsa. Malamin kimiyya ne, ya bar rubutu da alamomin da babu mai iya karantawa a garinmu, har an fara cewa karatu ne ya taɓa masa kai. Mahaifiyarsa ta ce a binne takardun kada a taka, ko da sunan Allah a ciki. Na ce sai na ji daga bakin wanda ya koyar da shi a Dawakin Tofa.

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara. Duk gangara direban sai ya kashe inji don tattalin mai, ƙanena ya ce da mun sani da jaki muka taho. Geron bakin hanya ya yi rawaya, da gani bai samu taki ba. A Kano muka sauya mota, muka karya da ƙosai.

Malamin nasa ya yi ritaya. A zaure muka same shi, ya daɗe yana juya shafukan.

"Malam, ka taɓa zargin ɓera a rumbunka ba ka gan shi ba?" ya tambaye ni.

"Kowace shekara."

"Yaya kake gane ɓarnarsa?"

"In hatsin ya kai ni damina, to ko yana nan, kaɗan yake ci."

"Aikin ɗanka ke nan. Masana na zargin akwai wasu ƙwayoyi marasa nauyi da ke sulalewa daga cikin tauraro, suna ɗauke masa zafi. Da suna ɗauka da yawa, da taurari sun ƙone da wuri. Tunda sun daɗe haka, shi yana lissafa iyakar abin da za su iya ɗauka."

"Ya gan su?"

"Babu wanda ya gan su tukuna. Amma wannan lissafin mai cikakken hankali ne."

Na mayar da takardun cikin buhun, muka yi masa sallama.

Mun iso gida da la'asar sakaliya. Abin da na koyo a tafiyar shi ne, aikin da nake yi a bakin rumbu shi yaron ke yi da taurari, ni kuwa ban taɓa zama na tambaye shi ba.

Na faɗa wa mahaifiyarsa yadda muka yi. Ta zaro takardun daga buhun, ta karkaɗe su, ta naɗe a sabon zaninta, ta sa a ƙasan akwati.