Dogara Mai Ƙarasa Fim

Dogara mutumin Ƙauran Namoda ne, ɗan wani tsohon ma'aikacin reluwe. Tare muka yi aikin gadi a wani otal na unguwar West Bay a ƙasar Ƙatar, kuma ban taɓa ganin mai son sanin abin da bai shafe shi ba kamarsa. In ya ga tururuwa ta ɗauki tsaba, sai ya bi ta ya ga gidanta.

Wurin tsayuwarsa bakin ƙofar wani ɗakin shan shayi ne a ƙasan otal ɗin. Masu wurin sun kafa ƙaton allo a bango, suna sakin tsoffin finafinan Ingila marasa kala, sun kashe murya, don ado kawai. Masu shan shayin ko ɗaga kai ba sa yi. Dogara kaɗai ke kallo, ido ɗaya a ƙofa, ɗaya a bango.

Turancinsa bai wuce na gaisuwa da nuna hanya ba, amma yana iya haɗa baƙi. Da haka ya lura da wani suna da ke yawan fitowa a farkon fim, wai Edwin Marlcroft. Bakinsa ya ƙi sunan, sai ya raɗa masa Baban Tasha, don da wuya ka ga fim ɗinsa babu tashar jirgin ƙasa a ciki.

"Ja'afar, na gano mutumin nan," ya ce min wata rana muna cin abinci. "A finafinan farko sunansa can ƙasa yake, ɗan mitsitsi cikin tarin sunaye. Yaron gida ne lokacin, wasu yake yi wa rubutu. Can sai sunan ya yi ƙiba. Can kuma sai ya fito sau biyu, shi ya rubuta, shi ya ba da umarni. Daga nan fa shiru. Me ya same shi?"

Na ce masa wayar da ke aljihunsa za ta gaya masa kafin shayinsa ya huce.

"Waya ranar mutuwarsa za ta gaya min," in ji shi. "Ni so nake in san abin da ke cin sa."

Da yamma, a bas ɗin da ke mayar da mu masauki ta bayan Mesaimeer, nan yake baje kolinsa. Ya raba wa Turawan sunaye, wannan Tanko, waccan Laraba, ya yi muryar kowa har da ta ɗan sanda. Mutanen da suka wuni a tsaye sai ka ga barci ya gudu daga idonsu. Akwai Yussif, ɗan Zangon Kumasi, wanda ke tare masa kujerar tsakiya don kowa ya ji.

Sai dai akwai fim ɗaya da kullum lokacin tashinsa ke yanke masa, wanda ya haƙiƙance shi ne na ƙarshen Baban Tasha. Labarin wani akawu ne, wanda ya raɗa wa Tanko, a birnin bakin teku, da akwati a ƙarƙashin gado, da hoton mata da yarinya a kan tebur. Da zarar ya ɗauki akwatin ya nufi tasha, sai mai canjin Dogara ya iso, direban bas na ta "yalla, yalla", wato a yi sauri. Saboda haka Dogara ke ƙarasa fim ɗin da bakinsa. Tanko ya hau jirgi, ya sauka garinsu, yarinya ta rugo, aka kayar da rago.

"Turawa da yanka rago?" na ce masa.

"Kai ka taɓa zuwa Ingila?"

Abin da ke ba ni haushi shi ne, mai mayar da Tanko gida kullum, shi kansa ya ƙi komawa. Matarsa Haulat na da ciki ya taho. 'Yar da aka haifa, Ummukulthum, har ta shiga makaranta ba ta taɓa ganinsa ba sai a waya. Ya fara gini a Ƙaura, ya kai linta ya tsaya, shi kuma ya rantse ba zai taka garin ba sai an yi rufi, don kada 'yan unguwa su ce ya je Ƙatar ya dawo hannu rabbana. Ko hutunsa sayar wa kamfani yake yi. Duk sanda kwantiragi ya ƙare sai ya sabunta. Na yi faɗan har na gaji.

Ran nan mai canjinsa ya kwanta zazzaɓi, aka ce Dogara ya zarce. Muka tafi muka bar shi a bakin ƙofa, fim na ci gaba.

 Washegari da muka shiga bas, Yussif ya buga kujera, ya kira shi da "Massa", wato maigida a bakin mutanen Kumasi. "Massa, jiya ka gani da idonka. Ba mu."

Dogara ya fara yana kallon taga, kuma bai canza murya ba.

"Ya isa tasha. Tikiti na hannunsa. Jirgi ya tsaya a gabansa, ƙofa a buɗe. Sai ya dubi takalminsa, ya dubi bakin hannun rigarsa da ya tsufa. Yana nan tsaye jirgi ya tashi. Ya koma ɗaki ya tura akwati ƙarƙashin gado. Da aka sake nuno shi, kansa ya yi fari, hoton nan kuma har yanzu na yarinya ƙarama ne. Khalas, shi ke nan."



"Kai, ƙarya ne!" in ji Yussif. "Gyara shi, Massa."

"Ba ni na rubuta ba." Ya juyo gare ni, idonsa ya kaɗa. "Ja'afar, Baban Tasha ya san mu. A ina ya san mu?"

Wallahi tausayinsa ya kama ni, har da na kaina.

Da kwantiraginsa ya ƙare bai sa hannu a sabo ba. Shugabanmu ya yi ta lallashi, ya ce a'a. Ya tafi da akwati ɗaya da 'yar tsana mai gashin zinariya, gini yana nan ba rufi.

Bayan ya sauka ya turo min saƙon murya, na saka wa 'yan bas suka ji. Ya ce ba wanda ya yi masa zancen gini. Ya ce Ummukulthum da ta gan shi sai ta ɓuya a bayan uwarta, ta ƙi karɓar tsarabar. Sai daga baya, yana alwala a tsakar gida, ta lallaɓo ta miƙo masa wayar Haulat.

"Baƙo," ta ce, "ka kira min Babana in gaya masa ka zo."