Gawar da Ta Tashi a Kafinsoli

Ko na manta da komai a duniya, ba zan manta da ranar da aka naɗe ni cikin likkafani ina da raina ba. Shekaru sun ja, gemuna ya fara fari, amma har yau in hadari ya haɗo daga gabas zama gagarata yake yi. Sai in bar mutane a majalisa, in yi ta zagaye kamar wanda ya yar da wani abu.

Kun san fim ɗin, ba sai na faɗi sunanshi ba. Wanda gawa ke tashi cikin makara tana ihu, masu ɗauke da ita su watse cikin gonar gero. Wanda aka hana sayarwa, malamai suka yi ta wa'azi a kai, amma kowane shagon caji yana da shi a ɓoye. Yanzu yara sun yanka wurin suna turawa juna a waya. To ni ne gawar.

Lokacin ina faci a bakin tashar Kankia. Boko na bar ta tun aji biyu na sakandare, ban kuma yi nadama ba, don waɗanda suka gama ma ga su nan muna zaune tare. Tsohona yana ƙauyenmu Ƙofa, yana kwance tun bazara. Ciwon nan ne mai tafiya yana dawowa, yau a ce ya sha koko, gobe a ce bai gane mutane. Duk Juma'a nakan je. Wata rana ina matsa mashi ƙafa ya ce in Allah ya yi ikonshi, ni yake so in shiga rami in karɓe shi, in juya fuskarshi gabas da hannuna. Ya ce ƙanena yana da gaggawa, komai da garaje yake yi. Na ce to, Baba. Iyakar abin da ya taɓa roƙona ke nan tun da ya haife ni.

Sai ga daraktan fim ɗin nan ya dira Kankia da motoci biyu da tarkacenshi. Tun kafin ya zo mun san labarinshi. An ce ya taɓa sa wata 'yar wasa ta tsaya cikin rana har ta faɗi, don dai kuka ya fito mata na gaske. Wasu na cewa ba a taɓa yin mai basira irinshi ba, wasu na cewa ko gaisawa da shi bai kamata ba. Gajere ne, ba ya dariya, kuma in yana kallonka kamar ɗan akuya yake tayawa a kasuwa. Yana neman wanda zai kwanta a makara, duk 'yan wasanshi sun ƙi. Tayar motarshi ta yi faci, aka kawo mani. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce da yaranshi ga gawa nan Allah ya kawo, dogo, ramamme, ba sai an yi mashi kwalliya ba. 'Yan tasha suka yi ta dariya, ni ma na yi. Ina so a ce ni ma na fito a fim, shi ke nan dalilina.

A bayan garin Kafinsoli aka yi aikin, kan wata hanyar shanu tsakanin gonaki, gero ya kai ƙugu. Labarin wai wani attajiri marowaci ne ya mutu, 'ya'yanshi na faɗan gado tun a hanyar maƙabarta. Aikina in yi shiru in sanƙare. Kafin a naɗe ni na gaya wa darakta tsohona ba lafiya, wayata kada ta yi nisa da ni. Ya miƙo hannu ya karɓe ta ya jefa aljihu.

"Gawa ba ta amsa waya, malam. In an kira, ni zan gaya maka."

Aka cusa mani auduga a hanci, aka ɗaure ni a kai, a ciki, a ƙafa, aka ɗora a makarar ƙarfe da suka sa maƙeri ya yi masu. Wanda bai taɓa shiga likkafani ba ba zai gane ba. Ba ka ganin komai sai fari. Gumi na shiga ido ba hannun sharewa. Ƙarfen ya ɗauki rana yana gasa mani baya. A ɗaga ni, a yi 'yan taku, ya daka tsawa a ajiye. A sake. Wai sararin sama ya yi fari da yawa, shi baƙin hadari yake so a bayan makara, kuma zai jira shi ko za a kwana. Mutanen gari sun tsaya nesa suna kallo, ina jin wani dattijo yana ta a'uziyya yana cewa wannan wasa da ajali ne.

Ana cikin haka na ji kukan wayata. Na san kukanta, ba ta da na biyu a wurin. Na ji takun darakta ya yi nisa, ya daɗe, ya dawo. Na yi magana ta cikin ƙyalle na ce wa ya kira? Ya ce ɓatan lamba ne, in daina motsi ina ɓata ɗauri. Ta sake kuka, ta sake, daga nan ban ƙara jin ta ba. Hankalina ya ƙi kwanciya. Na ce a kwance ni in sha iska, aka ce hadari ya taso, yanzu za a gama. Ina kwance ina lissafin hanyar Ƙofa a kaina, ina gaya wa raina ai da safe an ce ya sha koko.

Iska ta juya, sanyinta ya ratsa likkafanin. Na ji ana guje-guje, ana cewa a ɗauka, a ɗauka. Aka ɗaga ni a kafaɗa. Sai na ji numfashin mutum dab da kunnena, da warin sigarin darakta, ya yi magana a hankali yadda ba mai ji sai ni.

"Tsohonka ya rasu tun azahar. Yanzu suke fita da shi."

Abin da ya biyo baya kun gani, kun ma fi ni gani, don ni ban taɓa kallo har ƙarshe ba. Na yi ta birgima ina ihu a kwance ni, Baba na jirana. Masu ɗauke da makara ba su san komai ba, suka sake ta suka ranta cikin gero. Na faɗo, na yage ƙyallen da haƙori, na tashi ƙafafu a ɗaure na sake faɗuwa. Duk wannan kyamara na kaina. Shi ya tsara haka. Ya riƙe labarin mutuwar ubana a aljihu tun azahar, yana jira gajimare ya yi mashi baƙin da yake so.

Ban tsaya ko takalmi ba. Mai kabu-kabu na farko da na tare a bakin titi, yana ganina da farin ƙyalle a jiki da auduga a hanci, ya juya babur ya gudu. Na biyu wani dattijo ne, ya tsaya daga nesa ya tambaye ni mutum ko aljan. Na gaya mashi. Ya ce hau. Ruwa ya kama mu tun kafin Kusada, hanya ta zama taɓo, muna tafiya muna turawa. Ina ta roƙon Allah ya sa su jira, alhali na san ba a ajiye gawa don wani, balle ga hadari. Hadarin da darakta ya zauna jira, shi ya sa mutanen Ƙofa suka yi sauri kada ruwa ya cika ramin.

A bakin gari na gamu da su suna dawowa, da fatanya a kafaɗa, ƙafafu duk laka. Ƙanena ne ya shiga ramin. Baffanmu, ƙanen tsoho, ya tsaya ya dube ni, ya dubi guntun likkafanin da ke ɗaure a ƙuguna. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya sa hannu ya cire audugar da ta maƙale mani a gemu ya ce, "Mun yi ta kira, ɗana. Wani ya ɗauka ya ce kana aiki."

Daga baya na ji darakta ya watsar da labarin gadon gaba ɗaya, ya sake gina fim ɗin a kan gawar da ta tashi. Shi ya sa aka hana shi, shi ya sa kuma ya yi suna. Na ji shi da kunnena a rediyo yana cewa shi ya san yadda ake fito da gaskiya daga cikin ɗan wasa. Har yau bai zo mani gaisuwa ba. Wayar ma ta hannun direba ya aiko da ita.

Yanzu samari in za su tashi daga majalisa sai su ce, a kwance ni, Baba na jirana, a fashe da dariya. Rannan ɗiyata ta zo tana nuna mani a waya, tana dariya har da hawaye, ba ta san kakanta ake binnewa a daidai lokacin ba. Na karɓi wayar na kife ta, na fita.

Abin da na koya ba shi da yawa. Duk wanda ya dube ka ya ga kayan aiki, kada ka bari ya ɗaure maka hannu, kada ka ba shi ajiyar abin da za a neme ka da shi. Ku kuma masu kallo, in kun ga mutum a waya yana ihu yana birgima, kafin ku tura wa wani, ku tuna ba ku ji abin da aka raɗa mashi a kunne ba.