Igiyar Bappa Ya'u Ta Shiga Jami'a

Duk garin Mainika babu wanda bai san Bappa Ya'u mai tufka ba. Kakanninsa makiyaya ne, shanun suka ƙare, shi ya gaji igiyar. Tun zamanin tsuke bakin aljihu yake zama gindin ɗorawa yana murza rama a cinya, ranar kasuwa ya kai Gwarzo. Igiyar leda ta zo ta kashe masa ciniki, ya ƙi dainawa. Taurin kai? Wai!

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, 'yarsa Zinnira mai karatun kimiyya a jami'a ta dawo gida ido jawur. Ta taɓa faɗuwa wani kwas, in ta sake, kora ce. A kwas ɗin aka ce kowa ya haɗo siffar wani furotin, cikin sinadaran da ke gina jikin mutum.

"Baba, sili huɗu ne, kowanne a murɗe, sannan a naɗe su wuri guda, ka tufka mini," ta ce, ta miƙa masa zanen da ta kwafo.

Bappa ya duba, ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi.

"Wa ya zana wannan shirme? Sili dama, naɗi ma dama? Ko ɗan maraƙi ba zai ɗauru ba! In sili ya yi dama, naɗi hagu yake yi."

"Baba, ba igiya ba ce fa, jikin mutum ne!"

"To Wanda Ya yi jikin, tufka mai warwarewa zai yi?"

Ta yi magiya ya bi zanen, ta yi kuka, ina! Ya tufka yadda ya sani, ya damƙa mata. Ta koma jami'a da igiyar. Kwana tara tuwo ba ya wuce masa. In shi da bai taɓa shiga aji ba ya ja aka kori yarinyar nan fa?

Ran na goma sai ga Zinnira ta diro daga mota da gudu, takalmi a hannu.

"Baba, hagu ne! Ni na juya naɗin wajen kwafar zanen! Malaminmu ya ɗaga igiyarka a gaban aji, na ci!"

Tsohon nan ya miƙe ya cashe, liman na wucewa ma bai fasa ba. Da ya gaji ya zauna, ya share hawaye da hannunsa mai kanta.

"Shekara nawa ana ce mini in daina," ya ce. "Ke, miƙo mini ramar nan."